Lissafi Bayan Ƙarfe Goma

Na Allah ne mu, kuma wurinSa za mu koma. Kawuna, yayan mahaifiyata, wanda duk unguwar Sabo ta Ibadan ke kira Hedimasta ko da yake ya daɗe da ajiye aikin, ya rasu wata Talata da hantsi bayan jinyar da ba ta cika mako biyu ba. Kafin la'asar an kai shi makwancinsa.

Maigidana da ya dawo daga maƙabarta ya ce sahun salla sai da ya fita har titi. Teloli, direbobi, mahauta, masu canji, kowa ka taɓa sai ya ce ɗalibinsa ne. Wani ya baro shanunsa a kasuwar Akinyele ya hawo okada, bai ko tsaya sauya riga ba. A cikin gida kuwa mu mata mun cika tsakar gida har bakin rijiya. Wata tsohuwar malama Bayaraba, wadda ta koyar da Turanci a ƙarƙashinsa, ta zo daga unguwar Mokola ta zube gaban Iya, matar Kawu, tana kuka tana cewa, "Baba wa, Baba wa," wato babanmu. Da ta lafa, ta ce da 'yar Hausarta, "Ni duk shekara da na yi da shi, ban shiga aji ko rana ɗaya ban san me zan koyar ba. Tun kafin hutu ya ƙare ya ba ni a takarda."

Ana ta Allah Ya jiƙansa, ana ta Allah Ya sa ya huta. Sai maƙwabciyata mai waina, wadda katanga ɗaya ta raba mu, ta share ido da gefen mayafi ta ce da ƙarfi, yadda kowa zai ji:

"Ni dai wanda ya rubuta takardar nan da ta sa aka rushe wa Malam jadawalinsa, Allah Ya isa tsakanina da shi. Ko namiji ne ko mace."

Wasu suka ce amin. Wasu suka ce, "Haba, gidan makoki ne." Ni ina tsaye riƙe da jug ɗin kunu ina zuba wa baƙi. Ban zubar ko ɗigo ba, na ci gaba da zagayawa ina cewa "ga kunu, Hajiya." Ni ce na rubuta takardar. Shekara goma sha ɗaya ke nan, kuma har ya koma ga Ubangijinsa ban buɗe baki na faɗa masa ba.

Ina son a san wane ne shi kafin a san abin da na yi.

Kawu ɗan siriri ne, mai saurin tafiya, kullum da fensir a soke a gefen hularsa. Ba ya rubuta shirin makaranta da biro. In an tambaye shi sai ya ce, "Biro na wanda ya san gobe ne." Makarantar firamare ce ta al'umma, wadda fataken unguwa suka haɗu suka gina tun muna yara, aji shida da ofis ɗaya da bai fi ɗakin girki ba. Amma ba a ofis yake aikin ba. In hutu ya rage mako biyu, sai ya samo bayan kwalin taliya, ya shimfiɗa a zaurensa, ya ɗauko rularsa ta katako da ta yi baƙi don tsufa, ya fara ja masa layi.

Ina yarinya nakan tsuguna in kalla. Abin da ya fi ba ni mamaki, daga ƙarshe yake farawa. Sai ya fara rubuta ranar jarrabawa a can ƙasa, sannan ya riƙa hawowa baya-baya, mako-mako, har ya iso ranar buɗe makaranta. Na ce, "Kawu, ai ka juya shi." Ya ce, "Uwata," don sunan kakata aka sa mini, "in za ki Kano, motar Kano kike nema tukuna ko kuwa sai ki shiga kowace ki ga inda za ta sauke ki?"

Da ya gama sai ya soke mako biyu cur, ya bar su babu komai. Malamai sababbi kan yi gunaguni, wai ana ɓarnar lokaci. Shi kuwa ya ce waɗannan makonni ba nasa ba ne, akwai masu su: ruwan Ibadan da kan kwana uku yana zuba har kwata ta shigo aji ɗaya, zazzaɓin da zai kwantar da malami, rasuwar da za ta tashi rabin unguwa. "Za su zo karɓa ko na ba su ko ban ba su ba. Gara in ware musu tun yanzu." Azumi ma yana bin sa a kan kwalin shekara-shekara, yana matsar da darussa masu nauyi daga gabansa kamar mai kwashe shanya kafin hadari.

Sai kuma abin da ba wani hedimasta da na taɓa jin yana yi. Kafin ya cike gidajen jadawalin, sai ya ɗauki ɗan littafinsa ya shiga lungu-lungu. Ya yi sallama da maigida, ya nemi izini, ya tsaya a zaure, matar gida tana daga bayan labule. Tambayarsa ba ta wuce uku: yara nawa ke makaranta, wa ke fita da abincin safe, ƙarfe nawa yake dawowa da kwanuka. Wannan zagaye yana kiran sa jin ta bakin murhu. Yakan ce, "Jadawali daga murhu yake tashi. Ofis kwafa kawai yake yi."

Wanda bai san Sabo ba ba zai gane ba. Unguwar baƙi ce. Fataken goro da na shanu da masu kayan gwari suna sauka a gidajen iyayen gidansu, kuma ba wanda ke zuwa da matarsa. Koko da ƙosai da waina da shayin da za su karya da shi daga hannun matan aure yake fitowa, mu kuwa ba ma fita. Ƙafarmu ita ce 'ya'yanmu. A gidaje da yawa yarinya ba ta ajiye tire sai tara ta gota, sannan ta wanke ƙafa, ta sa yunifom, ta ruga. Kawu bai taɓa cewa wannan daidai ne ba. Ya sha faɗa da iyaye a kai. Amma ya ce shi da yaran da ke akwai zai yi shiri, ba da waɗanda yake fatan a ce su ne ba.

Don haka ya jera safiyarsa yadda ya jera ta. Ƙararrawa ƙarfe takwas kamar kowace makaranta. Daga nan rubutun hannu, karatu a bayyane, motsa jiki, zane, abubuwan da in ka rasa na yau za ka iya kamo na gobe. Lissafi da Turanci, waɗanda in ka rasa tsani ɗaya ba ka iya taka na gaba, ya kai su bayan tara da rabi, lissafi kuwa sai goma ta buga, a kowane aji.

An taɓa turo wani sufeto daga ofishin ilimi ya ga kwalin a bango ya ɗaure fuska. Malamar nan Bayaraba ce ta ba mu labari a wurin zaman makoki, har aka yi dariya cikin hawaye. Ta ce Kawu bai yi musu da shi ba. Kujera ya ajiye masa a bakin ƙofa, ya ba shi goro, ya ce, "Oga, zauna ka ƙirga mini masu shigowa." Mutumin ya zauna har tara da rabi yana ganin yara suna bulbulowa, wasu da manja a hannu. Ya tashi ya sa hannu a littafi, ya ce da Kawu, "Baba, you sabi your people," wato ka san mutanenka, ya tafi.

Ni kuma abin da ya yi mini. Da na gama aji shida, mahaifina, Allah Ya jiƙansa, ya ce ya isa haka, ba ya son 'yarsa tana ratsa Mokola kullum cikin mutanen da bai sani ba. Kawu bai ɗaga murya ba. Kwana uku ya ɓace, ashe bin hanyar yake yi da ƙafa. Ya dawo da takarda: ga lungun da zan bi, ga gidan wata Hajiya da zan fake in ruwa ya tare ni, ga 'yan mata biyu na unguwa da za mu riƙa tafiya tare, ga lokacin da za a fara nemana in ban iso ba. Mahaifina ya juya takardar gaba da baya ya ce, "Kai dai ba a kayar da kai, don ba ka zuwa da baki kaɗai." Haka na yi sakandare. Turancin da na rubuta takardar nan da shi, ta wannan hanya na same shi.

Ga yadda abin ya faru. Na yi aure a nan unguwa, maigidana yana da shagon atamfa, ba na sayar da komai sai ɗan ɗinki na cikin ɗaki. 'Ya'yana biyu suna makarantar Kawu, kuma bakwai da rabi sun fita fes. Wata rana facalata ta kawo ziyara, nata 'ya'yan suna wata makarantar kuɗi. Ta ɗauki littafin babbar 'yata ta ga jadawali a bangonsa, sai ta kwashe da dariya.

"Lissafi da rana tsaka? Yaran sun gaji, ciki ya fara kuka? Ke da kika yi boko ba ki san da safe ake yin sa ba, lokacin da ƙwaƙwalwa take sabuwa? Ai shi ya sa ake raina makarantar Hausawa. Tsoho ya tsufa, a ba yara wuri."

Na ji kamar ta watsa mini ruwan zafi, don na san maganar. A sakandarenmu lissafi ne darasin farko kullum, malaminmu ma ya sha faɗin dalilin. Na kwana biyu abin yana cina. Kuma wallahi Kawu yana zuwa gidana duk Juma'a bayan an sauko, ya zauna a kan tabarma ya sha kunun gyaɗa, ya ja kunnen yara. Tambaya ɗaya ce: Kawu, me ya sa? Na ga zagayensa da idona tun ina ƙarama, amma ban taɓa haɗa shi da gidajen da ke kan kwali ba, don murhuna bai taɓa tsare ɗana ba. Ban tambaya ba. Ba amsa nake so ba, so nake a san ni ma na san wani abu.

Na yage takarda daga tsakiyar littafi na rubuta wa kwamitin makaranta da Turanci. Na ce shugaban makaranta ba ya bin ƙa'idar tsara darussa ta zamani, na ce ana cutar da yaran da ke zuwa a kan lokaci. Na sa hannu da "Uwa mai kishin ilimi." Ranar da na fita awo na jefa ta a akwatin kwamiti da ke bakin ƙofa. Har wani daɗi na ji a hanya.

Maigidana yana cikin kwamitin, bai san komai ba, shi ya dawo yana ba ni labari. An karanta takardar, an fassara. Kawu ya tashi ya yi bayani da littafinsa a hannu, gida-gida. Shugaban kwamiti, wani Alhaji mai saukar baƙi, ya ji kunyar a ce yaran unguwa suna makara saboda tire, ya ce, "To a hana yara fita da abinci mana, kowa ya zo takwas."

Kawu ya ce, "Alhaji, baƙinka su karya da me?"

Aka yi dariya, Alhaji bai yi ba. Matasan kwamiti masu digiri suka ce takarda ta faɗi gaskiya, haka ake yi ko'ina, in an tsananta iyaye za su gyara. Aka ɗaga hannu, aka mayar da lissafi darasin farko. Maigidana ya ce Kawu ya zare fensir daga hula, ya juyo da wajen magogin, ya goge kwalin a gabansu da hannunsa. Na ce, "Allah sarki," na ci gaba da tsince shinkafa.

Iyaye ba su gyara ba, don ba taurin kai ba ne, abinci ne. 'Yar maƙwabciyata ta fari tana aji huɗu lokacin, ajinsu ɗaya da tawa. Yarinya ce da ke haɗa canjin mutum biyar a ka kafin ka buɗe jaka, ita ke koya wa 'yata rabawa a kan dakalinmu. Daga wannan zango kullum in ta iso an goge allo. Zango na farko ta sauko tsakiya. Na biyu ta dawo da jan biro. Ta katanga nake jin uwarta tana faɗa, ita kuma tana kuka tana cewa, "Inna, ni ban taɓa ganin an fara ba, kullum ƙarshe nake tararwa." Kawu ya gwada tara irinsu bayan an tashi, amma da azahar akwai tuwon rana da za a fitar, da yamma ga Islamiyya. A aji biyar ta daina zuwa. Ba ita kaɗai ba, amma ita ce nake jin muryarta. Shekara ta zagayo Kawu ya ce gwiwa ta hana shi, ya ajiye aiki.

Ya ci gaba da zuwa ranar Juma'a. Sau nawa na shirya maganar a bakina! In na ajiye masa kofi sai in ce bari ya sha tukuna. In ya sha sai yara su shigo. Da 'yata ta ci jarrabawar shiga sakandare ya kawo mata fensir dozin guda, ya ce da ni, "Uwata, kin iya riƙo." Na shiga ɗaki na rufe ƙofa. A asibiti ma, ranar da muka je dubiya, na riƙe hannunsa na ce, "Kawu, ka yafe mini." Ya ce, "Na yafe miki duniya da lahira, ni ma ki yafe mini," irin yadda ake faɗa wa kowa. Ban ce masa ga abin da zai yafe ba. Na karɓi yafiyar kamar wadda ta ɗauki kaya a shago mai shi yana salla.

Bayan sadakar bakwai, da mutane suka ragu, na sami Iya ita kaɗai a ɗakin takaba tana jan carbi. Na durƙusa na faɗa mata duka. A raina ina roƙon ta ce ai ya sani tuntuni, ya yafe.

Ta ce, "Ban sani ba ko ya sani. Bai taɓa tambayar wa ya rubuta ba, ni ce ma na yi ta tsine-tsine yana hana ni. Abu ɗaya ya faɗa, ya kuma maimaita shi har ya tsufa. Ya ce laifinsa ne. Ya zaga duk gidan da yaro ke makara, bai taɓa shiga gidan da yaro ke zuwa da wuri ya faɗa musu dalili ba. Ya ce shirin da ke cikin kan mutum ɗaya, ranar da aka tambaya ba shi da mai tsaya masa."

Na fashe da kuka. Ashe duk shekarun nan kayana yake ɗauke da shi a matsayin nasa.

Iya ta bar ni na yi mai isata, sannan ta ce, "Share fuskarki. Shi ya tafi, ba ya bin kowa. Amma ba shi kaɗai kika yi wa ba."

Washegari da hantsi na zaga gidan maƙwabciyata. Tana gaban tanda, ƙullu ya kusa ƙarewa. Na ce, "Yaya, wurinki na zo." Na faɗa a tsaye, don na san in na zauna ba zan iya ba. Ba ta ɗago ba. Ta juya waina ɗaya, ta juya ta biyu, ta kwashe, ta zuba mai.

"Ke?" ta ce. "Ke da nake miƙo miki ta katanga kina cewa ta yi daɗi?"

Na ce ni.

"Kina jin ina dukan yarinyar nan a kan jan biro."

Na ce ina ji.

Ta sauke tandar daga wuta, abin da ban taɓa ganin ta yi ba da sauran ƙullu. Ta ce, "A gaban mutane na ja Allah Ya isa. Ba zan janye ta a lungu ba. In kin faɗa inda na faɗa, sai in ga abin da zuciyata za ta iya."

A ranar na gaya wa maigidana. Ya ce, "Ni ma ai na ɗaga hannu."

Ranar arba'in, bayan an shafa addu'a, tsakar gida cike, facalata ma tana nan, na miƙe. Na ce, "Jama'a, takardar da aka rubuta a kan Kawu, ni na rubuta ta. Bai yi kuskure ba, ni ce ban tambaya ba." Can maƙwabciyata ta gyara mayafi ta ce, "Na janye tawa, Allah Ya yafe mana baki ɗaya. Amma ta yarinyar ba a bakina take ba."

Yarinyar yanzu uwa ce, tana da 'ya'ya biyu, tana saro wa mata kayan miya daga kasuwar Shasha ana sayarwa a gida. Na aika a tambaye ta ko zan iya zuwa. Ta aiko cewa in bari tukuna. Ina jira, kuma ba ni da bakin cewa ta daɗe.

Ya Allah, Ka jiƙan bawanKa da ya tsaya a zaurukan mutane yana tambayar lokacin da 'ya'yansu ke ajiye tire. Ka yalwata masa kabarinsa, Ka sa abin da ya koyar ya riƙa isa gare shi, Ka ba Iya haƙurin rashinsa. Wanda ya karanta wannan ya yi masa Fatiha. In da saura, ya roƙa mini Allah Ya sassauta zuciyar da na ɓata.